Gidan kallon da ya mayar da jaruman Marvel ranar Litinin

Akwai wani gidan kallo a Tahoua, ba nisa da babbar kasuwa, wanda a ganina ya fi sauran da na sani tsari, kuma shi nake so in auna a nan, domin canjin da mai shi ya yi a jadawalinsa ya tayar da gardama a fadojin matasa. Shekaru da dama, ranar Juma'a da dare, lokacin da ake samun ciniki mafi tsoka idan babu babban wasan ƙwallo, an keɓe ta ne ga fina-finan jaruman Amurka masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, wato irin na kamfanonin Marvel da DC. Yanzu ya ɗauke su ya kai su Litinin, ya ba fina-finan Indiya masu fassarar Hausa gurbinsu. Wasu na cewa ya ci amanar tsofaffin abokan cinikinsa. Ni ina ganin lissafinsa ya yi daidai, ko da yake akwai inda ya wuce gona da iri.

Wurin kansa rumfar kwano ce mai faɗi da aka kewaye da bulo, da bencina na katako a jere, da tabarmi a gaba inda yara ke zama. Da majigi ake haska hoto a kan farin bango, kuma hoton yana fita sarai muddin aka saki labulen ƙofa. Abin da ya fi ɗaga darajar gidan shi ne farantan hasken rana da baturan da mai shi ya saka, domin idan wuta ta ɗauke ba a tsayar da fim ana jiran a tayar da inji, kamar yadda ake fama a wasu wuraren. Kuɗin shiga sefa 100 ne, ana rubuta shirin kowane dare da alli a kan allon da ke jingine a bakin ƙofa, kuma ana fara abin da aka rubuta a kan lokacin da aka rubuta, bayan an idar da sallar isha'i. Yaron da ke karɓar kuɗi yana da ladabi, yana kuma hana shan taba a ciki ba tare da ya tsaya cacar baki da kowa ba.

Aibobinsa ma a fili suke. Ɗaya daga cikin amsa-kuwwar biyu tana karkarwa duk lokacin da wani abu ya fashe a cikin fim, kuma a irin waɗannan fina-finai kusan kowane minti biyar sai wani abu ya fashe. A watannin Afrilu da Mayu fankokin ba sa iya komai da zafin da kwanon ya tara tun rana. Babu wani sashe da aka tanada wa mata, shi ya sa ba sa zuwa. Mafi muni shi ne gaggawar da mai gidan ke yi wajen kawo sabon fim: wani lokaci kwafin da ya samo wanda aka ɗauka da kyamara ne a cikin wata sinima ta ƙasar waje, har kana ganin inuwar kan wani mutum tana giftawa ta ƙasan hoton, kana jin tarin wani da ba ka san ƙasarsa ba. Da zai yi haƙurin wata biyu ko uku, da ya samu mai kyau.

A wata Litinin da aka haska The Marvels, bencinan baya duk fayau suke, kuma waɗanda suka zo ba su daɗe ba suka fara duba wayoyinsu. Wani matashi da ke gefena ya yi ta taɓa abokinsa yana tambayarsa wace ce wannan yarinya, daga ina waccan ta samo ƙarfinta, me ya haɗa su da babbar jarumar, abokin kuma ya ce masa shi ma bai sani ba. Kafin a kai tsakiyar fim sun fita wurin mai shayi, ba su dawo ba. Wannan rumfa ce fa wadda a 2018, lokacin Black Panther, sai da aka ɗage labule domin waɗanda suka rasa wurin zama su leƙa daga waje, sannan a 2019, da aka kawo Avengers: Endgame, aka yi ta maimaita shi dare bayan dare ba tare da an rasa masu biya ba.

Kuɗin da muke biya a ƙofar wannan rumfa ba ya shiga lissafin kowa a Hollywood, amma abin mamaki shi ne yadda bencinanmu suka bi sawun alƙaluman duniya. Iron Man na 2008 ne ya buɗe wannan babi, kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dalar Amurka biliyan 4, daga nan kasuwa ta yi ta hawa. The Avengers na 2012 ya tara kusan dala biliyan 1.5 a gidajen sinima, Black Panther ya wuce biliyan 1.3, Endgame kuwa ya kusa biliyan 2.8. A shekarar 2019 ɗin, fim ɗin Captain Marvel na farko ya haye biliyan 1.1. Shekara huɗu bayan haka, The Marvels, wanda ci gabansa ne da wannan jarumar dai, ya tsaya a kusan dala miliyan 206, mafi ƙanƙanta a duk jerin fina-finan Marvel. A ɓangaren DC ma haka abin yake. Aquaman na 2018 ya wuce biliyan 1, na biyunsa a 2023 bai kai rabin haka ba, The Flash ya ƙare a wajen miliyan 270, sannan Joker na 2019 da ya wuce biliyan 1 ya haifi na biyu a 2024 wanda da ƙyar ya taɓa miliyan 200.

Mai karatu zai iya cewa miliyan 200 ai ba kuɗin rainawa ba ne. Sai dai irin waɗannan fina-finai sukan ci dala miliyan 200 ko fiye tun wurin haɗa su, kafin a zo ga kuɗin talla, wanda shi ma yakan haura miliyan 100, kuma kusan rabin kuɗin tikiti yana zama ne a hannun masu gidajen sinima. Saboda haka fim ɗin da ya tara miliyan 400, kamar yadda Captain America: Brave New World da Thunderbolts suka yi a 2025, ɗaya ya ɗan haura ɗaya bai kai ba, ba fim ba ne da masu shi za su yi murna da shi, ko da a kunnenmu adadin ya yi nauyi.

Dalilin farko na wannan koma-baya shi ne wanda matashin nan na gefena ya ci karo da shi. Tun da Disney ya buɗe manhajarsa ta Disney+ a ƙarshen 2019, ya fara fitar da shirye-shirye masu dogon zango daga 2021, labarin ya rarrabu tsakanin sinima da talabijin, har ya zama ba za ka gane sabon fim ba sai ka bi wasu shirye-shiryen da suka gabace shi. Biyu daga cikin jarumai mata uku na The Marvels, a shirye-shiryen WandaVision da Ms. Marvel aka nuna yadda suka samu ƙarfinsu. Mutumin da ya wuni a kan kabu-kabu, ko a shago, ko a bakin aikin gini, ya biya sefa 100 ne domin ya huta, bai zo a yi masa jarrabawa a kan darasin da bai halarta ba. Shugaban Disney na wancan lokacin, Bob Iger, shi kansa ya amince cewa yawan abin da suka fitar ya rage masa inganci, kuma a 2024 ya sanar da cewa za su rage yawan fina-finan Marvel da shirye-shiryensa a kowace shekara.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne wanda nake ganin ya fi taɓa masu kallo a nan. Duk wanda ya tashi a gidan kallo ya san ƙa'idar cewa akta ba ya mutuwa, kuma ba wanda ya taɓa jin haushin hakan, domin an san zai sha wuya, zai rasa wani nasa, bos kuma idan ya faɗi ya faɗi ke nan. Shi ya sa mutuwar Iron Man a ƙarshen Endgame ta girgiza mutane: an karya ƙa'ida, kuma an biya farashi. Amma tun da aka shigo da labarin duniyoyi masu yawa, inda kowane mutum yake da kwafinsa a wata duniyar, mutuwa ta daina zama mutuwa, faɗuwa ta daina zama faɗuwa. Mu mutanen da muke cika filin kokowa lokacin gasar takobi mun san abin da ke sa dubban mutane su riƙe numfashi: idan aka kai ɗan kokowa ƙasa, magana ta ƙare, sai kuma baɗi. Da za a ce wanda aka kayar zai iya tashi ya ce ai ba shi ba ne, wani ne mai kama da shi daga wata duniya, da ba wanda zai sake barin aikinsa ya je kallo. A 2024 aka sanar da cewa Robert Downey Jr., wanda ya fito a Iron Man, zai dawo a matsayin mugun nan Doctor Doom, kuma a fadar da nake zama an karɓi labarin da dariya fiye da ɗoki.

Duk da haka, wanda ya ce an gaji da jarumai gaba ɗaya bai duba alƙaluman da kyau ba, kuma a nan ne na saɓa da mai gidan. Spider-Man: No Way Home, wanda ya fito a ƙarshen 2021, ya tara kusan dala biliyan 1.9, alhali annobar korona ba ta gama sakin duniya ba, kuma shi ma labarin duniyoyi masu yawa ne, sai dai ya yi amfani da shi wajen dawo da fuskokin da mutane suka daɗe da sani. Guardians of the Galaxy na uku ya wuce miliyan 800 a 2023, shekarar da yawancin sauran suka faɗi. Deadpool & Wolverine ya wuce biliyan 1.3 a 2024, Superman na 2025 kuma ya haura miliyan 600. Abin da ya ƙare shi ne zamanin da tambarin kamfani kaɗai ke cika ɗaki. Yanzu kowane fim sai ya ci da guminsa. Mai gidan kuwa ya zuba su duka a kwando ɗaya ya kai Litinin, mai kyau da maras kyau, har Guardians na uku, wanda labarinsa a dunƙule yake kuma ko wanda bai san na baya ba ma zai iya bin sa, ya tashi da ƴan kallo ƙalilan saboda ranar da aka ba shi. Na faɗa masa haka, ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce: "Malam, ni benci nake ƙirgawa, wanda ya cika shi, shi ne jarumina." Ban ga laifinsa ba, amma da zai riƙa zaɓe, yana ba fitattun ranar Juma'a sau ɗaya a wata, da ya riƙe mutanen da yanzu suka koma kallo a waya. Na yaba masa kuma da ya hana yara shiga ranar Deadpool & Wolverine, domin fim ne mai zubar da jini da baƙaƙen maganganu, kuma ko a Amurka na manya ne.

Akwai kuma wani dalili namu na gida wanda ba ya cikin lissafin Hollywood, wato harshe. Jaruman Amurka da Faransanci suke zuwa mana, cike da barkwancin da ya dogara da sanin rayuwar can, yayin da fim ɗin Indiya ke zuwa da Hausa, da zaurancen da mai fassara ya ƙara masa, har ɗakin ya kwashe da dariya lokaci ɗaya. Jarumin Indiya shi ma yana dukan mutum hamsin shi kaɗai, yana tsayar da mota da hannu, saboda haka ba ƙarfin da ya wuce hankali ne mutane suka ƙi ba. Bambancin shi ne yana da uwa, yana da ƙauye, an zalunce shi a gabanka, kuma cikin awa uku za a biya shi haƙƙinsa a rufe labari. A da, lokacin da hotunan kwamfuta suke sabon abu, ganin gini yana rugujewa ya isa ya riƙe mai kallo ko bai ji abin da ake faɗa ba. Yanzu yaron da ke kan tabarma ya ga irin wannan a wayar yayansa har ya ƙoshi.

Ga wanda yake son zuwa, shawarata ita ce ya duba allon ƙofa tun da la'asar, ya kuma tambayi yaron da ke karɓar kuɗi ko kwafin mai kyau ne, domin ba ya ɓoyewa. Ranar Juma'a sai an zo da wuri, in ba haka ba tsayuwa za a yi. Ranar Litinin kuwa wuri a yalwace yake, kuma ya fi kyau a zauna a ɓangaren dama, nesa da amsa-kuwwar da ke karkarwa, kusa da fankar da ta fi sauran ƙarfi. Wanda bai bi shirye-shiryen Marvel na talabijin ba, gara ya tsallake duk fim ɗin da ya dogara da su, ya jira irin waɗanda labarinsu ke tsaye da ƙafarsa, ko kuma ya roƙi mai gidan ya sake saka Black Panther na farko, wanda har yanzu yana cikin kwamfutarsa kuma yakan saka shi idan mutum biyar ko shida suka nema.