Papa Parse: mayar da rajistar manoma zuwa CSV

Mai rubuta wa ƙungiyar manoman shinkafa manhaja a Auyo ko Kafin Hausa ya san wannan gaɓar. Bayanai suna cikin JavaScript a jere, kowane manomi da ƙunshinsa: suna, ƙauye, lambar waya, buhun taki nawa ya karɓa. Shi kuwa sakataren ƙungiya Excel kaɗai ya iya. Papa Parse, wani ɗan kayan aiki na JavaScript, shi ne ke haɗa su. Kyauta ne, kuma da zarar an sauke fayil ɗinsa yana aiki a burauza ko babu sabis, abin da ya fi komai amfani a ƙauye.

Aikin layi ɗaya ne. A miƙa jerin ga Papa.unparse, ya dawo da rubutun CSV, wato jadawalin da waƙafi ke raba ginshiƙansa, wanda Excel ke iya buɗewa. Idan akwai waƙafi a cikin adireshi, shi da kansa yake killace shi, kuma a nan ya fi wanda mutum zai haɗa da hannu nesa ba kusa ba.

Sai dai fa yana da tarko. Kanun ginshiƙai daga ƙunshin farko kaɗai yake ɗaukar su. Idan manomin farko ba shi da gurbin lambar waya, lambobin sauran duka sun ɓace, kuma ba zai ce uffan ba. Wannan babban aibi ne a rajistar rabon taki. Maganinsa a jera sunayen ginshiƙan da kai a zaɓin columns. Haka ƙunshi a cikin ƙunshi, kamar gona mai faɗinta da wurinta: sai a tarar da "[object Object]" a gurbin. A fara baje shi da umarnin map na JavaScript tukuna.

Sauran matsalar ta Excel ce. Sai an sa \ufeff, alamar da ke nuna wa Excel yadda zai karanta haruffan, a farkon rubutun, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ su rikiɗe, Ɗanladi ya koma wasu alamomi. Lambar waya kuma sifilin farko yake faɗuwa, mai 234 ta zama 2.35E+12. Zaɓin quotes ba ya hana wannan. A shigo da fayil ɗin ta Data, a mayar da ginshiƙin waya rubutu. Idan sakataren ba zai iya bin wannan matakin ba, gara a bar CSV, a fitar masa da xlsx, wato ainihin fayil ɗin Excel, ta SheetJS, wani kayan aikin JavaScript na daban.