Ranar da wani tsoho ya ƙwace min sifana a Houston

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kanikanci a Panteka, har yara na ce min oga. Amma watan jiya wani tsohon Bature a nan Houston ya mai da ni ɗan koyo a gaban mutane, kuma har yau abin na ci na.

Abokin aikina ne ya sayi tsohuwar akori-kura ƙirar Chevrolet ta shekarun 1970, mai injin 350, wato lita 5.7, fistan takwas. Ya ce so yake a mai da shi 383, abin da suke kira sitiroka. Na ɗauka wani injin za a sayo a ɗora, kamar yadda muke yi da na Beljiyam. Ashe wannan tsohon bulok ɗin dai, wato gangar injin, za a yi wa aiki. Ana cire kiranshaf na asali, wato sandar da fistan ke juyawa, wanda fistan ke tafiyar inci 3.48 a kansa, a sa mai inci 3.75 irin na injin 400, sannan a rarake silinda daga inci 4.000 zuwa 4.030. Ƙarin tafiyar fistan ɗin bai ma cika milimita 7 ba, amma sai inji ya koma lita 6.3. Injin da ya fito daga kamfani bai kai ƙarfin doki 200 ba, idan aka haɗa masa kan silinda da kamshaf masu kyau, yakan ba da 400 zuwa 450. Kuma ƙarfin ja ne tun daga ƙasa, ba sai ka taka totur ya yi ta ihu ba. Masu Ford ma haka suke mai da 302 ya zama 347.

Ranar haɗawa tsohon, wanda shi aka ba aikin, ya bar mu muka shiga shagonsa. Da aka ɗora kan silinda, sai na ɗauki sifana, na nemi guntun fayif na zura mata don ta yi tsawo. Ban ja sau biyu ba ya riƙe min hannu.

"Nawa ka ɗaure?"

Na ce ai ya ɗauru. Ya sake tambaya: nawa? Wallahi sai na rasa bakin magana. Ya miƙo wata sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ya saita ta a 65, ya ce daga tsakiya ake farawa a fito gefe, sau uku, a hankali, har ta yi ƙas. Sai ya tambaye ni ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal, wato ƙarfen da yake juyawa a kansa. Na ce mu da hannu muke juyawa, in ya juya babu cijewa shi ke nan. Bai yi dariya ba, da ma dariyar ya yi da ta fi min sauƙi. Ya nuna min ma'auninsa: wajen inci 0.002, gashin kai ma ya fi ta kauri. Ya nuna inda ya goge ƙasan bulok don kada kwanrod, mai haɗa fistan da kiranshaf, ya doke shi, tunda yanzu zagayensa ya ƙaru. Kowane fistan sai da ya hau sikeli.

Sai na tuno injina nawa na wanke da fetur a kan yashi, na haɗa, bayan wata shida mai mota ya dawo da hayaƙi, muka ɗora laifin a kan baƙin mai. Ga cire tamostat, mai daidaita zafin inji, da muke yi mu jefar, wai ƙasarmu da zafi. Wa ya auna ya gaya mana?

Kada ku ce na zama ɗan kanzaginsu. Sati bakwai bulok ɗin nan ya yi a layi. Kuɗin aiki da awa ake lissafawa, babu "Alhaji rage mana", babu ciniki, ko ruwa ba a ce ka sha ba. Abin da ya lalace kuma sai shara. A Panteka da safe za ka kai, kana shan shayi ana yi, mai walda na gefe, in kayan babu a kasuwa a ƙera maka kafin la'asar. Tsohon nan da ma'aunansa, in aka ajiye shi a hanyar Birnin Gwari da mota ta mutu, babu abin da zai tsinana. Mu da waya da robar taya za mu iso gida.

Duk da haka na sayi sifanar awon nan guda biyu. Ɗaya na ba wani mai tafiya gida ya kai wa yaron da na bar wa gareji. Jiya na kira shi, ya ce ta iso, tana da kyau sosai, tsawonta ya sa yanzu ba ya ma bukatar fayif.