Wata uku na biya masu kula da shafin shagona, ga yadda muka kwashe

Shekarata 19 ina sana'ar hula a Kano, saye da sayarwa da wanki. Shagon nawa ƙarami ne, mutum huɗu suka shigo sai na biyar ya jira a waje. Har zuwa bara tallata ba ta wuce in jera huluna a gilashi in zauna ba. In kaya suka iso daga Maiduguri sai in ɗauki hoto talatin in zuba a sitatus ɗin WhatsApp lokaci guda. Mutane su buɗe na farko da na biyu, su tsallake sauran, bayan awa 24 komai ya goge, in sake jiran wasu kayan.

Maƙwabcina mai shadda ne ya haɗa ni da wasu matasa uku, mace ɗaya maza biyu, da ke kula wa ƙananan shaguna da shafukansu na sada zumunta. Ba zan faɗi sunansu ba, domin akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe, kuma yara ne masu neman halaliyarsu. Muka yi ciniki a kan naira 45,000 a wata: za su zo shago sau biyu a wata su ɗauki hotuna da bidiyo, su tsara abin da za a ɗora kullum, su riƙe min Instagram da TikTok, WhatsApp kuma ya zauna a hannuna. Kuɗin sun yi min nauyi, sai da na kwana biyu ina juya maganar kafin na amince.

Ranar farko yarinyar, wadda ita ce shugabarsu, ta zo ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ta nemi kujera ta zauna a lungu da littafi tun hantsi har la'asar. Da na ga shirun ya yi yawa na ce, "'Yata, yaushe za a fara aikin?" Ta ce, "Baba, ai tun ɗazu aka fara." Ashe duk tambayar da mai saye ya yi min rubutawa take. Da yamma ta karanto min su. Wannan aikin hannu ne ko na inji? Wace lamba ce za ta yi min? In an wanke ba za ta zuba ba? Wacce za ta hau da shadda ruwan toka? Me ya sa wannan ta ninka waccan kuɗi? Ta ce kowace tambaya bidiyo ɗaya ce, kuma ni zan amsa da bakina kamar yadda ta ji ina amsawa. Wannan zaman na wuni ɗaya, a ganina, shi ne mafi daraja a duk abin da na biya.

Bidiyon farko na awon kai ne. Na ɗauki tef ɗin tela na zagaya kan yaron shagona, daga tsakiyar goshi ta saman kunne zuwa ƙeya, na nuna inda ake karanta inci 22, 22 da rabi, 23. Na ƙara da cewa wanda ba shi da tef ya zagaya da zare ya gwada a jikin rula. Bai kai minti ɗaya ba. Har yau shi nake tura wa duk wanda ya yi min magana daga nesa, kuma tun da na fara haka rigimar "ta matse ni" ko "ta yi min yawa" ta ragu ƙwarai. Na biyu, na juya cikin huluna biyu na nuna ƙullin zare da ɗan saɓanin ɗinkin da ake gane aikin hannu da shi, kusa da na inji da ke tafiya sumul. Na san wasu abokan sana'a ba su ji daɗin wannan ba, amma wanda ka koya masa gane kaya, gobe wajenka zai dawo.

Wankin hula kuwa ban taɓa zaton akwai mai son kallonsa ba, don a wajena aikin bayan shago ne. Su suka dage. Aka kawo wata tsohuwar Zanna Bukar da maiƙo ya cinye bakinta, suka ɗauke ta yadda ta zo, suka bi ta tun daga jiƙo da cuɗa, sa ƙaro, ɗora ta a ice, shanya, har guga. A ƙarshe aka ajiye hoton farko kusa da na ƙarshe. Gani ya kori ji. A makon nan mutanen da ke wucewa ta ƙofar shagona shekara da shekaru suka fara kawo wanki, wani ma cewa ya yi bai san ina yi ba.

Sai tsarin ranaku. Alhamis da yamma muna haɗa hula da shadda don masu shirin Juma'a, maƙwabcina ya ba da yadi uku, ni in ɗora hular da ta dace da kowanne, kowa ya ambaci ɗan'uwansa a shafinsa. Ba wanda ya biya wani ko sisi. Asabar sabbin kaya, amma guda biyar kawai, ba talatin ba. Talata sunayen huluna da bambancinsu, ƙube, damanga, dara, 'yar Bama. Sauran ranaku abin da ya samu: buɗe ƙunshin kaya, naɗe hular da za a kai tashar Unguwa Uku a ba direba, ko saƙon godiyar wanda kayansa suka isa, bayan an nemi izininsa an kuma rufe suna da lamba.

Akwai wanda muka daɗe muna muhawara a kansa. Yawancin huluna masu kyau da nake sayarwa mata ne ke ɗinka su a Borno, kuma da yawa cikinsu mutanen Bama ne da rikici ya kora zuwa Maiduguri tun 2014, allura da zare suka riƙe su da 'ya'yansu. Hula ɗaya mai cikakken aiki takan ci makonni. Yaran suka ce wannan labari zai ja mutane, a nemo bidiyon matan. Na ce a'a, ba zan sayar da hula da hawayen wani ba, kuma matan aure ne, ba ni da hurumin nuna fuskarsu. Muka tsaya a kan cewa dillalin da ke kawo min kaya zai nemi izinin wata dattijuwa ya ɗauko hannuwanta kawai tana ɗinki, ni kuma in yi bayanin yawan kwanakin da aikin ke ci. Ta yarda, muka aika mata da tukwici. Tun daga ranar, in na faɗi kuɗin aikin hannu ba a cika yi min tayin wulaƙanci ba. Na yaba wa yaran da suka saurare ni, ba su ce su ne masana ba.

Sun kuma mayar da ni WhatsApp Business, wanda kyauta ne kuma yana nan tun 2018, ni dai ban taɓa waiwayarsa ba. Suka jera min kaya a kundin da ke ciki, kowace hula da hotonta da kuɗinta. Suka ajiye min amsoshin da nake yawan maimaitawa, lambar asusu da kwatancen shago, in taɓa sau ɗaya su fito. Suka nuna min yadda zan sa wa mutane alama, wanda ya biya, wanda ake jiran kuɗinsa, wanda wankinsa ya gama. Suka ja kunnena cewa saƙon bai ɗaya yana ɗaukar mutum 256 ne a jeri guda, kuma wanda bai ajiye lambata ba ba zai same shi ba, don haka duk wanda ya sayi hula ina roƙonsa ya ajiye lambar kafin ya fita.

Yanzu inda suka gaza. Makonni biyun farko da Turanci suke rubuta bayanin ƙasan hoto, alhali masu sayen hulata Hausa suke ji, wasu ma saƙon murya suka fi so a kan karatu. Wani ɗan kasuwa daga Damagaram da ya zama babban mai sayena, duk cinikinmu da murya muke yi. Sai da na nace kafin suka koma Hausa. Sun kuma sa kiɗa a ƙarƙashin bidiyon wanki, dattawa biyu da nake jin nauyinsu suka yi min magana, na sa aka cire. Ƙarar burushi da ta dutsen guga ta wadatar.

Na biyu, ɓoye farashi. Suna rubuta wai mai son sanin kuɗi ya yi magana ta akwatin saƙo. Na wuni ina amsa "nawa?" ga mutanen da ba sa dawowa, mai kunya kuma ko tambayar ba zai yi ba. Da rashin tayi akan bar araha. Da muka fara rubuta kuɗi a fili saƙonni sun ragu, ciniki ya ƙaru.

Na uku shi ya fi yi min ciwo. Ɗaya daga cikin samarin ya gyara hasken wani hoto har hula mai ruwan ƙasa ta koma kamar ruwan zuma. Wani bawan Allah a Kaduna ya saya don ɗaurin auren ƙaninsa, ta isa ba ta hau da kayansa ba. Na mayar masa da kuɗinsa, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, na ba shi haƙuri. Yaran sun karɓi laifi sun rage min wani abu a kuɗin watan, kuma daga nan doka ta zama a ɗauki hoto a bakin ƙofa da hasken safe, ba a taɓa kala.

Rabon kyautar da suka shirya, wai a bi shafi a ambaci abokai uku a ci hula, ya tara mabiya da yawa a kwana uku, amma ban ga ko mutum ɗaya cikinsu da ya dawo ya saya ba. Ban sake yarda an yi ba. Sannan babu wanda ya gaya min tun farko cewa data a wuyana take, ga shi kuɗinta ya tashi a farkon 2025. Duk mai shirin ɗaukar irin waɗannan yara ya tambayi wannan kafin a shirya, ya kuma tabbatar da lambar wayarsa aka buɗe shafukan, kalmar sirri tana hannunsa. Ni sai a wata na biyu na farga na karɓi tawa, sun ba ni ba musu.

Bayan wata uku na dakatar da biyan wata-wata, ba don mun ɓata ba. Yaron shagona ya riga ya iya riƙe waya da yanka bidiyo, littafin tambayoyin nan kuma yana nan a kan teburi muna ƙara masa. Ga mai shagon da bai san ta inda zai fara ba, wata biyu ko uku da su ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya zauna a kansu a kan harshe, farashi da kala. Wanda ya riga ya saba magana a gaban waya, zaman wuni ɗaya na shawara ya ishe shi.

Mun yi da yarinyar za su dawo wata guda kafin azumi. Masu sayen hular Sallah ba sa jiran goman ƙarshe kamar da, tun suna kai ɗinki wajen tela suke neman wadda za ta hau, don haka muna so kayan su fito tun Sha'aban, a riƙa ɗorawa bayan sahur da bayan tarawihi lokacin da waya ke hannun mutane. Na riga na aika wa dillalina a Maiduguri da launukan shaddar da maƙwabcina ya ce zai sauke.