Ƙarfe, roba ko katako: wane lilo za a saya wa filin wasan yara a Bauchi?

Idan lilon filin unguwa ya fara kuka, sarƙarsa ta sirance a wajen ƙugiya, to magana ta zo gaban kwamiti. Can sai wani ya ciro waya ya nuna hoton katafaren gidan roba mai launi-launi da ake shigowa da shi daga China, kowa ya ce ai wannan za a saya. A ɗan dakata tukuna.

Ba duk tsohon kaya ne na zubarwa ba. Ku tona gindin kowace ƙafa, daidai inda ƙarfe ya shiga ƙasa, ku buga da guduma. Nan ruwa ke kwanciya, nan tsatsa ke fara ci. In ɓawo ya zubo ko wurin ya lotsa, ƙafar ta gama aiki. In ya yi ƙara garau, wataƙila sarƙa da boris da mazauni kaɗai za ku sauya.

Ni dai a kan ƙafafun lilo da abin hawa, ƙarfe na zaɓa, kuma aikin mai waldan gari. Dalilina gyara ne: ranar da wani abu ya ɓalle, wanda ya haɗa shi yana nan kusa, da Keke Napep za a ɗauko shi. Sai dai kada a bar masa zaɓin faif. A ce mai kauri, mai rufin tutiya, a kuma duba bakin da aka yanka, don fenti na ɓoye siririn faif. A goge duk inda aka yi walda har hannu ya bi bai ji kaifi ba. Fentin ma a tambaya ko babu dalma a ciki, tunda yara na tsotsar hannu, kuma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba sai an yi wa kowa bayanin gubar dalma ba. A dasa ƙafafun cikin kankare sosai, saboda nauyin yara da kuma 'yan jari-bola.

Inda ƙarfe ya faɗi shi ne abin zamiya. A Maris da Afrilu zafin Bauchi kan kai wajen digiri 40, farantin da ya wuni a rana kuwa sai ya koma tandar masa. Yaro mai gajeren wando zai ƙone kafin ya kai ƙasa. Nan roba ta yi gaba, amma robar iri biyu ce. Akwai sirira ta tsakar gida wadda aka yi don yara biyu ko uku. A filin jama'a rana za ta kodar da ita, ta bushe, ta tsage. Akwai mai kauri da aka haɗa da maganin rana. Ku nemi dillali ya nuna takardar cewa kayan sun cika ƙa'idar EN 1176, wadda Turai ke auna kayan filin wasa da ita, sannan ku tambaye shi: in wannan ɓangaren ya fashe, a ina za a samo wani? In ya fara kame-kame, kun ji amsa.  Ko mai kaurin ma tana ɗaukar zafi, don haka a kafa ta inda inuwar dogon yaro ke sauka da la'asar, lokacin da yara suka taso daga Islamiyya.

Katako ba sai an ja zance ba. Gara na jira a ƙasa, hunturu na tsaga shi, sartse na shiga hannu. A bar shi ga bencin iyaye.

Abin da kasafin kuɗi ya fi mantawa shi ne ƙasan wurin, alhali yawancin munanan raunuka daga faɗuwa suke. Daɓen siminti a ƙarƙashin lilo ganganci ne, haka ma jar ƙasar da ƙafa ta daddaɓe. Shimfiɗar roba na da kyau, sai tsada da zafi. Yashi ya fi dacewa da aljihunmu: a zuba zurfin santimita 30, a yi masa iyaka don kada ruwan Agusta ya kwashe, a riƙa kaftarsa in ya danƙare. Amma yashi na da iyakarsa. A ma'aunin hukumar kare masu saye ta Amurka, kariyarsa ba ta wuce faɗuwar kusan mita 1.2 ba, saboda haka kada a biye wa son dogon bene. A bar fili mita 1.8 kewaye da kowane abu, gaba da bayan lilo kuwa ninki biyu na tsayinsa. Shinge ma dole ne, in ba haka ba awaki ne za su riga yara.

Akwai awo ɗaya da ya kamata a rubuta wa mai walda a takarda: kada tazarar sanduna ta faɗa tsakanin santimita 9 da 23. A irin wannan tazarar ne jikin yaro ke zurmawa, kai ya maƙale. Kada kuma kan noti ya leƙo waje, musamman a saman abin zamiya, domin 'yan matanmu da hijabi suke hawa, kuma a wuya yake.

Wajen biya, a riƙe wani kaso sai kayan sun ga damina ɗaya, a rubuta hakan a yarjejeniya. In kuma don Sallah ake gaggawa, a gama dasawa aƙalla mako guda kafin ranar, kankaren ya samu ya kama kafin cincirindon yara ya hau.