Kwas ɗin Farfesa Scott Plous a Coursera, a idon malamin makaranta daga Jos

Ga duk wanda ke zama a kwamitin sulhu na unguwa, ko malamin makaranta irina, ko limamin da ke raba rigimar matasa, akwai wani kwas a Coursera, dandalin karatu ta intanet, da nake ganin ya cancanci datar da za a ƙona a kansa. Kwas ne kan ilimin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a, kuma mai koyar da shi Farfesa Scott Plous ne na Jami'ar Wesleyan da ke Amurka. Ni a waya na bi shi, da daddare bayan na gama duba takardun ɗalibai, a gidanmu da ke Anguwar Rogo.

Mutumin ba baƙo ba ne a fannin. A Jami'ar Stanford ya yi digirinsa na uku, a hannun Philip Zimbardo, shahararren masanin halayyar ɗan Adam. A 1993 ya fitar da littafi kan yadda mutane ke auna al'amura su yanke hukunci, a 1996 kuma ya kafa shafin Social Psychology Network da masu binciken fannin ke amfani da shi. Bincikensa ya fi karkata kan ƙyamar juna da wariya, da yanke shawara, da yadda mutane ke mu'amala da dabbobi. Kwas ɗin ya fara ne a 2013. Yana magana a nutse, ba ya haɗiye kalmomi, abin da ya taimaki kunnena da bai saba da Turancin Amurkawa ba.

Darussan farko, kan yadda ido da zuciya ke yaudarar mutum wajen fahimtar wasu, suna da daɗi amma ban daɗe a kansu ba. Inda na gyara zama shi ne sashen biyayya da bin ayari. A gwajin da Stanley Milgram ya fara a Jami'ar Yale a 1961, an sa mutane su riƙa danna maɓallin da aka ce musu yana jona wa wani lantarki duk sa'ad da ya ba da amsar da ba daidai ba. Lantarkin na ƙarya ne, amma su ba su sani ba. Cikin maza 40, guda 26 sun danna har maɓallin ƙarshe na bolt 450, don kawai wani mai rigar ɗakin gwaji ya ce su ci gaba. Ba 'yan daba ba ne, magidanta ne da ma'aikata. Duk wanda ya ga rikicin Satumbar 2001, ko Nuwambar 2008, ko Janairun 2010 a garin nan, ya san wani yaron kirki, mai gaida manya har ƙasa, da ya bi gungun mutane ranar da gari ya rikice ya aikata abin da shi kaɗai ba zai taɓa kusanta ba. Mun saba cewa sharrin shaiɗan ne mu rufe zancen. Kwas ɗin yana warware maka matakan ɗaya bayan ɗaya: yadda alhaki ke rarrabuwa a cikin taro har kowa ya ji ba nasa ba ne, da yadda ɓacewar fuska a cikin jama'a ke cire wa mutum kunya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, sai da na bi diddigin tsofaffin ayyukan Plous na same shi. A 1985 ya wallafa bincike kan tseren makaman nukiliya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, inda ya tambayi sanatocin Amurka. Abin da suka fi so shi ne ɓangarorin biyu su rage makamai tare, amma sun yi imanin cewa Tarayyar Sobiyet so take ita ta ƙara, Amurka ta rage. Wato mai son zaman lafiya yana wasa wuƙa saboda ya tabbata maƙwabcinsa ba ya so. In ka zauna da dattawan Gangare ko Rikkos, inda Musulmi suka fi yawa, sannan ka tsallaka ka zauna da na Anguwar Rukuba, inda Kiristoci suka fi yawa, kusan magana ɗaya za ka ji: "Mu dai lafiya muke nema, su ne ba sa so." Tun da unguwanni suka rabu, kasuwa da makaranta ma suka fara rabuwa, babu inda wannan zato zai haɗu da abin da zai ƙaryata shi.

Akwai kuma wani aiki da ake ba ɗalibai, Ranar Tausayi: ka yi awa 24 kana kyautata wa duk wanda ka haɗu da shi, sannan ka rubuta abin da ka lura. Da farko ya yi mini kama da wasan yara. Da na ɗora wa 'yan ajina irinsa, sai ga muhawara ta ɓarke kan ko kyautatawar da aka yi don samun maki tana da lada.

Sai dai mai shiga ya san abu biyu. Na ɗaya, da Turanci ake koyarwa, kuma akasarin gwaje-gwajen da fannin ke tinƙaho da su a kan Amurkawa aka yi su. Batun ɗan ƙasa da baƙo, ko tasirin mai unguwa da malamin zaure, kai za ka ɗora su da kanka. Na biyu, shahararren gwajin kurkukun Stanford na 1971, inda aka sa wasu ɗalibai su zama fursunoni wasu kuma masu gadi, wanda Zimbardo ya tsara na mako biyu aka tsayar a kwana shida, ya sha suka mai ƙarfi. A 2018 wani manazarci ɗan Faransa, Thibault Le Texier, ya fito da bayanan da ke nuna an riƙa nuna wa masu gadin yadda ake so su tsananta. Tun da Plous almajirin Zimbardo ne, ya kamata a haɗa da karanta masu sukar.

Shawarata a sauke bidiyoyin inda ake da wifi, a kunna rubutun da ke gudana a ƙasa, a kuma bi kwas ɗin mutum uku ko huɗu tare don a riƙa fassara wa wanda Turancinsa bai yi nisa ba. Takardar shaidar kammalawa ta kuɗi ce. Wanda ba neman aiki zai yi da ita ba, ba na jin yana buƙatarta.