Wurin karɓar kayan oda: mai ma'aikaci ko akwatin ƙarfe, wanne ya fi mana?

Jama'a salamu alaikum. Tun da na fara sayar da kayan waya a nan Gusau kusan kullum sai wani ya tambaye ni, wai in ya yi oda a intanet gara ya zaɓi wurin karɓa da ke da ma'aikaci, ko kuwa irin akwatin nan na ƙarfe da ake buɗewa da lamba ba kowa a wurin, wanda yaranmu ke gani a bidiyo suna cewa shi ne ci gaba. Bari in faɗi nawa tun daga farko kar in ja ku da nisa, ni wurin da akwai mutum a zaune nake zaɓa, kuma ko gobe aka dasa akwatunan nan a kowace kwana daga Tudun Wada har Samaru ba zan canja ba.

Ga wanda bai san akwatin ba, kamar kabad ne babba na ƙarfe mai ƙananan ƙofofi da yawa, mai kawo kaya ya zo ya saka naka a ɗaya ya rufe, sai a turo maka lamba ta waya, ka je ka danna lambar ƙofa ta buɗe da kanta ka ɗauka ka tafi. Amazon ta fara nata tun 2011, a Poland kuma kamfanin InPost ya cika ƙasar da su. Ɗan yayata da ke karatu a Ingila da shi yake karɓar kayansa, ya ce ko ƙarfe goma na dare ya tashi zai je ya ɗauko, ba layi ba jira. Wannan gaskiya ne ban musa ba, kuma ga mace mai kunya da ta sayi kayan da ba ta so kowa ya san mene ne, akwai rufin asiri a ciki. Iyakar abin da zan yaba ke nan.

Domin shi akwatin nan da abu biyu yake rayuwa, wuta da sabis. To mu 'yan Zamfara wa zai ba mu labarin sabis? A watan Satumba na 2021 aka kashe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, mutane sai sun yi tafiya zuwa Funtua ko Sakkwato kafin su kira ɗan uwa. Ka ɗauka a ranar kayanka na cikin akwati lambar buɗewa kuma tana cikin saƙon da ba zai shigo ba, wa za ka yi wa magana, ƙarfe? Wuta kuma ba a manta Oktoban 2024 ba da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. Sannan ga zafinmu na watan Afrilu da yake haura digiri 40, ka bar batiri ko turare ko man shafawa a cikin ƙarfe rana na dukansa tun safe. Kuma ramukan ƙanana ne, fanka mai tsayi ko keken ɗinki ko farantin sola ba za su shiga ba, ga shi kwana biyu uku kawai ake ba ka in ba ka zo ba a mayar da kaya.

Kawowa har gida kuwa ku bar maganar, adireshinmu "bayan masallacin Juma'a gida mai jan get" ne, ɗan acaba zai yi ta kira yana zagaye har kowa ya gaji.

Abin da ya sa na kafe a kan wurin mai ma'aikaci ba karatu ba ne, ƙonewa na yi. Na taɓa sayen fawabank guda 20 a wajen wani mai talla a intanet, hotuna masu kyau, magana mai daɗi, har da "Alhaji kai namu ne". Na tura kuɗi ya ba direba kayan a tasha, direban ya iso da dare ya ajiye kwalin a wajen wani mai shayi ya wuce abinsa, da safe na je na ɗauka ba wanda ya tambaye ni ko sunana, ba takarda ba sa hannu. Na kawo shago na jera, suna da nauyi a hannu fitilarsu na kamawa. Kwana biyu masu saye suka fara dawowa wai ko rabin waya ba ya cikawa. Na sa sukurdireba na ɓalle ɗaya, wallahi ɗan batiri ɗaya ne ƙarami a ciki, sauran wurin ƙullin yashi ne aka manna don ya yi nauyi. Da na kira mutumin abin da ya ce mini shi ne, wa ya ga lokacin da ka buɗe? Washegari lambar ta daina shiga. Na mayar wa mutane kuɗinsu daga aljihuna, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta saya wa ɗanta, ta ce "ɗana ban zaci haka daga gare ka ba". Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wannan tambayar tasa, wa ya gani, ita ce gaba ɗaya maganar. Akwatin ƙarfe ba ya shaida. Mai shayin tasha ma ba ya shaida. Amma wurin karɓa na gaskiya, irin wanda manyan kamfanoni kamar Jumia ke nuna maka a cikin manhaja lokacin da kake oda, ko ofishin kamfanin aika saƙo irin su GIG ko gidan waya, akwai mutum da zai nemi lambar odarka, ya duba katin shaidarka, ya shigar a kwamfuta ko littafi cewa ranar kaza wane ya karɓa. Wasu wuraren ba za su bari ka buɗe ba sai ka biya, to ba komai ka biya, amma kar ka ɗaga ƙafa, buɗe shi nan a kan teburinsu. Na taɓa tsayawa a layi wata Hajiya ta buɗe na'urar markaɗe sai ga kofin a tsage tun daga baki har ƙasa, yaron wurin ya ce "Hajiya kar ki tafi da shi, kawo wayarki", ya ɗauki hoto ya nuna mata inda za ta danna ta nemi a mayar, ya sake naɗe kwalin a gabanta. Minti goma ba su yi ba. Da a gida ta buɗe ai sai a ce yara ne suka fasa.

Ga kuma sauƙin biya, in ba tsabar kuɗi a hannunka akwai POS ko taransifa, wanda ya sha wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san amfanin wannan. Tsohon da bai iya karatun boko ba ma zai je ya yi Hausarsa a fahimce shi. Aibinsu dai suna rufewa da yamma, ranar Juma'a kuma in ka je lokacin masallaci sai ka jira, wani lokaci ga layi. Wanda zai taso daga Kaura Namoda ko Talata Mafara ko Tsafe ya fara tabbatar da saƙon isowa ya shigo, ya haɗa da wata buƙatar ya zo da rana ya koma da rana, kun san halin hanyoyinmu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don ɓarayin sun gane mutane na jiran kaya. Za a kira ka da murya mai ladabi a ce kayanka sun iso amma sai ka tura kuɗin kwastan ko kuɗin ajiya zuwa wani asusu, ka duba sunan asusun za ka ga sunan mutum ne ba na kamfani ba, kashe wayarka kawai. Wani zai ce an turo maka lamba yanzu karanto mini in tabbatar kai ne, wannan lambar ko ta karɓar kayanka ce ko ta bankinka ce, duk wadda ka karanta masa ka yi asara, ta karɓar kaya ba a faɗar ta sai kana tsaye a gaban ma'aikaci, ta banki kuwa ba a faɗa wa kowa. Akwai saƙon da ke zuwa da shuɗin rubutu wai adireshinka bai cika ba danna nan ka gyara, kar ka taɓa, shiga manhajar da ka yi oda ka duba da kanka. Akwai kuma shagon da zai liƙa takarda a ƙofa ya ce shi wakili ne, in ba ka ga sunan wurin a cikin manhaja ba to ba wakilin kowa ba ne.

Shi kansa kwalin ka juya shi ka duba ƙasa, in ka ga salatif biyu wani kan wani ko launinsu ya bambanta an taɓa buɗewa. In waya ce kunna ta a wurin ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka gwada da wadda ke jikin kwali, in sun saɓa kar ka karɓi wani bayani. Memori da filash ana rubuta musu girman ƙarya, sai ka zuba kaya su ɓace. Fawabank kuma na gaya muku nauyi ba hujja ba ne, wanda aka rubuta masa adadi mai ban tsoro a farashin banza ku bar shi. Kuma duk abin da za ka buɗe sa wani ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo tun kafin ka yanka salatif, takardar da ke manne mai lambar oda ta fito sosai, kar a yanke bidiyon a tsakiya. In kamfani ya ƙi sauraronka akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ma hujja za ta nema, rasit da hoto da bidiyon nan.

In aiko wani za ka yi ya karɓar maka, ka aiki wanda zai iya tsayawa ya buɗe ya duba, ba yaron da zai rungumo kwali ya hau keke ya taho ba. Ni ƙanena nake aikawa, da lambar oda a rubuce a takarda da hoton katin shaidata a wayarsa, kuma ba ya barin wurin sai ya kira ni na ga kayan da idona.