Wane samfurin kwak ya dace da binciken cikin tauraron nutron?

Ɗalibin fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke son lissafa abin da ke tsakiyar tauraron nutron, ragowar babban tauraron da ya fashe, inda cunkoso ya ninka na cibiyar atom sau da yawa, sai ya zaɓi samfurin kwak, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin proton da nutron, tun kafin ya taɓa kwamfuta. Ma'aunin farko ɗaya ne: shin samfurin zai riƙe tauraro mai nauyin rana 2, wato ninki biyu na nauyin rana? Dalili kuwa, an auna tauraron nutron mai suna PSR J0740+6620 ya kai kusan 2.08.

Samfurin jakar MIT na 1974 shi ne mai araha, matsinsa (ε − 4B)/3 ne kawai, inda ε ke nufin cunkoson kuzari, B kuma ƙimar matsin jakar, amma da ka saka nauyin nau'in kwak da ake kira "strange" sai ya yi laushi ya kasa kai 2. Lissafin kusantawa na QCD, ka'idar ƙarfin da ke haɗa kwak, sai cunkoso ya kai wajen ninki 40 na cibiyar atom yake aiki, abin da tsakiyar tauraro ba ta kaiwa.

Mu dai samfurin NJL muke ba ka shawara, na Nambu da Jona-Lasinio na 1961. Shi ke nuna yadda nauyin kwak ke raguwa idan cunkoso ya ƙaru, kuma yana karɓar haɗuwar kwak biyu-biyu irin ta CFL, yanayin da nau'ukan kwak uku duka ke shiga haɗuwar. Ka ƙara masa mu'amalar bekta, wato ƙarfin da ke sa kwak su ture juna, ita ke taurara shi har ya ɗauki nauyin rana 2. Iyakarsa tana wajen 600 MeV (ma'aunin kuzari). Idan kuzarin da ake bukata don ƙara kwak ɗaya (chemical potential) ya kusanci nan, sakamakon ya lalace. NJL ba ya kulle kwak cikin hadron, wato ƙwayoyi irin su proton da nutron, don haka dole ka haɗa shi da samfurin hadron da ɓawon tauraro kafin ka warware lissafin TOV, wanda ke ba da nauyi da faɗin tauraro. Laftof ya isa, ko wuta ta ɗauke.

Ƙanena, hattara da masu sayar da "kammalallen kod" da teburin matsi da cunkoso ta WhatsApp. Wani teburin saurin sautinsa ya wuce na haske, wani matsinsa yana raguwa inda ya kamata ya hau, wani an cakuɗa MeV/fm³ da wasu ma'aunai har faɗin tauraron ya zama shirme. Akwai waɗanda ba su da ɓawo gaba ɗaya. Kada ka biya ko sisi: tebura suna nan kyauta a rumbun intanet na CompOSE. Duk teburin da ka ɗauko, ka fara gwada kod ɗinka da wanda aka san sakamakonsa, sannan ka duba ko ma'aunin lanƙwasuwar tauraro mai nauyin rana 1.4 (tidal deformability) ya tsaya ƙasa da 800 kamar yadda GW170817, karon taurarin nutron biyu da aka gano, ya nuna a 2017.